Jawabin Maraba da Masassaƙan Daura Suka Gabatar wa Mai Girma Kwamishina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Kwamishina, wakilin Mai Martaba Sarkin Daura, hakimai da dagatai, malamanmu, iyayenmu da abokan sana'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin masassaƙan wannan gari, manyanmu da yaranmu, muna yi maka barka da zuwa Daura ta Abdu, tushen Hausa. Mun saba ganin manyan baƙi suna kai gaisuwa fada, su leƙa rijiyar Kusugu, sannan su kama hanyar Katsina, amma kai ka ƙaraso har rumfar da muke aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, muna neman izini mu kawo maka labarin wani masassaƙi wanda ba ɗan ƙasar Hausa ba ne, domin a cikin rayuwarsa akwai abin da muke son roƙo a yau. Shi ne marigayi Lamidi Fakeye, Bayarabe, wanda aka haifa a Ila Orangun ta jihar Osun ta yanzu a 1928, a gidan da sassaƙa ta zama gado tun kaka da kakanni. Ya fara riƙe gizago a gaban mahaifinsa kamar kowane ɗayanmu. A 1949 ya shiga hannun gwani George Bamidele, a wurin koyon sana'a da limaman Katolika suka buɗe a Oye Ekiti ƙarƙashin kulawar Fada Kevin Carroll, ya yi shekaru yana yaron gida kafin ya tsaya da ƙafarsa. Daga nan ya yi ta sassaƙa ƙofofi da ginshiƙai, har aikinsa ya tsallaka teku, ƙofofin da ya yi suka shiga Cibiyar Kennedy da ke birnin Washington na Amurka. A 1978 Jami'ar Ife ta ɗauke shi koyarwa, a 2006 hukumar UNESCO ta karrama shi cikin gwanayen da ake ɗauka taskar al'umma tun suna raye, kuma Allah ya yi masa rasuwa a Ile-Ife a watan Disamba na 2009.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda ya ɗauki sana'ar. Zamani ya kawo masa sababbin masu saye da sababbin abubuwan da ake so a sassaƙa, ya karɓa, amma bai yar da gizago da wuƙar da ya gada ba, bai kuma sauya tsarin da ya koya ba, wato a fara fitar da siffa da sara, a rarraba sassanta, a goge, sannan a zo kan ƙananan zane a ƙarshe. Da jami'a ta kira shi, hannunsa ta duba ba takardarsa ba, kuma a ganinmu ba ta yi asara ba.

Ba mu ce a kwaikwaye shi a komai ba. Shi Musulmi ne, amma ya tashi cikin al'adar sassaƙa siffofin mutane, mu kuwa malamanmu sun yi mana iyaka a kan siffar abu mai rai, kuma muna nan a kan wannan iyaka. Fagenmu shi ne turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata, allon karatu, ƙotar fartanya da ta gatari, kwarangwal ɗin sirdi, da gangar da ake kaɗa wa Sarki a hawan Sallar Gani. Wanda ya ce babu fasaha a nan bai tsaya ya kalli aikin ba. Mai sassaƙa turmi yakan juya gungumen ƙirya, ya ƙwanƙwasa shi, ya saurari amonsa domin ya gane ko akwai ɓoyayyen rami ko tsaga a ciki, kafin ya ɗora masa gatari. Idan ya zo rarake cikin, da ido da tafin hannu yake auna kaurin bango, saboda in ya yi sirara turmin zai tsage a daka ɗaya, in ya yi kauri kuma mace ba za ta iya kawar da shi ba. Haka mai akushi yake gasa ƙarfe ya yi ja, ya bi bakin akushin da zane ba tare da ya fara shatawa ba, kuma hannunsa ba ya karkacewa.

Damuwarmu ta farko itace ne. Ƙirya da maɗaci da iyayenmu suke sara a bayan gari sun yi nisa, masu gawayi da masu itacen girki sun riga mu, ga hamada tana matsowa daga arewa. Yanzu aduwar da ake yin allo da ita ma sai an sayo. Ta biyu kuwa magada. Roba da tasa sun kori akushi daga ɗakunan amare, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, shi ya sa yaro yake ganin ya fi masa ya hau babur da ya zauna shekaru yana koyon sara.

Saboda haka muna roƙon mai girma Kwamishina ya isar da kokenmu inda ya dace. A duk lokacin da ake rabon dashe, a sa ƙirya da maɗaci da aduwa cikin lissafi, a ware mana fili mu dasa, mu yi raino, mu tsare da kanmu. Sannan a buɗe wa dattawanmu ƙofar makarantun koyon sana'a na jiha, su koyar a ba su haƙƙinsu, kamar yadda Ife ta yi wa Fakeye. Idan gwamnati za ta gina zaure ko ɗakin taro, a tuna akwai masu iya yi masa ƙofa da zane a nan Daura, kuma a shirye muke a gwada mu da guda ɗaya tukuna.

Mun tanadi akushi da allo, aikin hannun yaranmu, muna roƙon ka karɓa, sannan ka zagaya rumfunan ka ga aikin da idonka. Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kai da 'yan rakiyarka gida lafiya. Wassalamu alaikum.