Kafin a yi wa uwar 'yan matan Bennet dariya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau ya leƙa Ingila ne.

Tun 1813 Jane Austen ta fitar da littafinta Pride and Prejudice, amma har gobe marubuta ba su daina tsiro da sababbin labarai daga jikinsa ba. A 2011 P. D. James ta ɗora masa labarin kisan kai, a 2013 kuma Jo Baker ta ba da shi ta ɓangaren barorin gidan. Na intanet kuwa sai wanda ya gani. Sai dai da yawa cikin masu bin waɗannan labarai, in ma sun buɗe na asalin, gudu suke yi su kai inda Darcy, attajirin saurayin labarin, zai furta soyayyarsa ga Elizabeth, ɗaya daga cikin 'yan matan gidan Bennet.

A nan ne bugu mai bayanai yake da ranarsa, irin wanda David Shapard ya fara fitarwa a 2004. Wanda ya yi karatun zaure ba baƙo ba ne ga wannan tsari: ga matani, ga hashiya a gefensa.

Mu ɗauki uwar gidan, matar Bennet. Sababbin labarai sun saba nuna ta a matsayin mai surutu, wadda ba ta da zance sai na aurar da 'ya'ya. Surutu kam tana da shi, ba musu. To amma bayanan gefe za su warware maka cewa gidansu na Longbourn da gonakinsa, masu kawo fam 2,000 a shekara, an ɗaure gadonsu ne ga ɗa namiji kaɗai. Ita kuwa 'ya'ya mata biyar Allah ya ba ta. Ranar da mijinta ya kwanta dama, wani danginsa mai suna Collins ne zai karɓe gidan, ya kuma iya fitar da su. Abin da kowace yarinya za ta gada fam 1,000 ne, shi ma sai bayan ran uwar, kuma abin da zai riƙa kawo mata a shekara fam 40 ne kacal. Darcy fa fam 10,000 yake samu a shekara. Wace uwa ce za ta yi barci?

Haka ma Charlotte, ƙawar Elizabeth, wadda ta amince ta auri Collins tana da shekara 27. Mai karatun yau zai ce kwaɗayi ne, alhali rufin asiri take nema.

Gaskiya bugun yana da nasa aibin: bayanan kan katse daɗin labari, wani lokaci har su tona abin da ke gaba. Shi ya sa ya fi dacewa da wanda ya riga ya san ƙarshen, wato ainihin mai karanta sababbin labaran nan. Shi ne kuma zai kama marubucin da ya mallaka wa Elizabeth gidan ubanta ba tare da ya faɗi inda ya kai Collins ba.

A huta lafiya.