Darasi: Yadda Nake Haɗa Mazaunin Bututun Wasan Wuta Mai Baki Shida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma muna garejina a nan bayan garin Houston, jihar Texas. Zafi ake yi sosai, don haka idan kun ji ƙarar fanka ku yi haƙuri. Ɗan ƙanwata ne riƙe da waya yana ɗauka. Matso da ita nan kan tebur, yawwa, kada ka tsaya a bayan zarto.

Ranar 4 ga Yuli ta kusa, ranar da Amurka ke bikin samun 'yancin kai. A Texas ana buɗe rumfunan sayar da kayan wasan wuta daga 24 ga Yuni har zuwa daren bikin, sai kuma daga 20 ga Disamba zuwa 1 ga Janairu. 'Yan uwa da yawa da ke zaune a nan sun tambaye ni katakon nan da suke gani ina jera bututai a ciki. Shi za mu haɗa yau. Mutanen nan "rak" suke ce masa, ni kuma mazauni nake cewa, don aikinsa ke nan: ya zaunar da bututu ya hana shi faɗuwa.

Kafin in taɓa katako, magana ɗaya. Ƙwallayen wasan wutar da ake harbawa daga cikin bututun saye nake yi a rumfa mai lasisi, ba na haɗa su, ba na kuma buɗe su. Tun 1991 hukumar CPSC, mai kula da lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a a Amurka, ta ƙayyade cewa ƙwallon da ake sayar wa talaka kada faɗinsa ya wuce inci 1.75, kuma duk awon da za ku ji yau a kan wannan girman yake. Sannan kowa ya duba dokar inda yake. A cikin birnin Houston kansa an hana, ni a wajen iyakar birni nake zaune shi ya sa. Jihar Massachusetts kuwa ta hana gaba ɗaya, ko ɗan mai tartsatsin nan da yara ke riƙewa.

To, bututu. Nan ne zan daɗe, domin nan mutane ke yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Ga shi a hannuna, baƙi ne, na roba mai suna HDPE, nau'in DR11. Faɗin cikinsa inci 1.91, na wajensa inci 2 da 3/8, tsawonsa inci 12. Akwai masu son na inci 15, sun ce ƙwallo ya fi tashi sama, ni dai 12 ya ishe ni. A gindinsa akwai toshi na katako mai kaurin inci ɗaya da rabi, an kafe shi tun daga kamfani. Da toshinsa nake saye, ba na wahalar da kaina.

Yanzu dubi wannan farin. Wannan PVC ne, bututun famfo, irin wanda kowa ya sani a gida. Ya fi araha, yana nan a kowane shagon kayan gini, girmansa ma ya yi kama. Don Allah kada ka yi amfani da shi. Idan ƙwallo ya fashe a cikin HDPE, robar kumbura take yi ta yage, kamar buhun da ya cika. PVC kuwa tarwatsewa yake yi kamar tangaran, gutsattsarinsa masu kaifi su watsu ko'ina, a daidai tsayin ƙafafun manya da fuskokin yara. Bututun ƙarfe shi ma haka, ya ma fi muni. Abin da ya halatta shi ne HDPE, ko na faibagilas, ko na kwali mai kauri da ke zuwa cikin akwatin ƙwallayen. Na kwalin ba ya daɗewa, da ya sha raɓa ya tashi aiki.

Katako kuma, tu-bai-tiri (2×3) za mu ɗauka, ba tu-bai-fo (2×4) ba. Dalili kuwa, a ƙasar nan sunan katako daban, ainihin awonsa daban. Tu-bai-tiri idan ka sa masa tef, inci 1.5 ne da 2.5. Bututunmu 2 da 3/8 ne, kun ga ke nan ya zauna a kan 2.5 da ɗan sarari kaɗan, cif. Tu-bai-fo 3.5 ne, bututu zai riƙa rawa a ciki. Lokacin da na zo ƙasar nan wannan abu ya ba ni wahala ƙwarai, na yanka katako na mazauni guda a kan lissafin inci 2 da 3 cikakku, na zo haɗawa komai ya ƙi zama.

Lissafi: bututu 6 sau 2 da 3/8 ya ba mu inci 14 da kwata. Tsakanin kowane biyu zan sa ɗan katako mai raba su, kaurin 3/4, guda 6... a'a, guda 5 ne, tsakani biyar ne a bututu shida. Biyar sau 3/4, inci 3 da 3/4. A haɗa, inci 18. Na ƙara kwata ɗaya na sarari, 18 da kwata. Wannan shi ne cikin. Ginshiƙai biyu na gefe kowanne 1.5, to katakon ƙasa zai zama 21 da kwata. Ginshiƙan kuma tsayin inci 11, don bakin bututu ya ɗan leƙo sama da inci ɗaya. Falankan gefe guda 4, wan-bai-tiri (1×3), su ma 21 da kwata.

Na riga na yanka, ba sai na koya wa kowa yankan katako ba.

"Kawu, me ya sa ba za a manna bututan da juna ba? Ai zai fi ƙanƙanta."

Tambaya mai kyau, ɗana. Akwai masu yin haka, za ka ga mazauni mai baki goma an matse su kamar sigari a kwali. Amma ka tuna na ce HDPE kumbura yake yi. Idan ɗaya ya kumbura babu sarari, zai tura na kusa da shi, na kusa ya tura na gaba, ginshiƙi ya ɓalle, sauran biyar ɗin da ke ɗauke da ƙwallo su zube ƙasa kowanne ya kalli inda ya ga dama. Ɗan katakon nan na 3/4 shi ke ba bugun wurin wucewa. Saboda haka ne ma ba na rufe gefen da filawud. Falanki ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, tsakiya a buɗe, iska ta samu hanyar fita.

To mu haɗa. Gam a gindin ginshiƙi, a ɗora a kan katakon ƙasa, a duba da sikwaya. Sai na fara huda da ƙaramin bakin diril kafin in sa sukuru, don katakon nan na fayin idan ka matsa masa a kusa da baki tsagewa yake yi. Sukuru biyu masu inci 3 daga ƙasa. Ku lura, sukurun aikin waje nake sawa, mai rufin nan da ba ya tsatsa. Baƙin nan siriri na kafa allon bango kada ku sa shi, yana da gautsi, bugu ɗaya ya karye. Ƙusa ma ba na so, girgiza tana zare ta a hankali.

Falankin ƙasa ya kama katakon ƙasa da ginshiƙai gaba ɗaya. Na sama kuma... dakata, na kusa yin abin da nake hana mutane. Kada ka kafe falanki na huɗu sai ka jera bututan da masu raba su a ciki. Miƙo min su. Bututu, ɗan katako, bututu, ɗan katako. Masu rabawar gajeru ne, ɗaya a sama tsakanin falankai, ɗaya a ƙasa, goma ke nan duka. Ka sa fensir ka yi alama a inda kowanne ya faɗa, sannan ka zare bututan ka ɗaura sukuru. Idan ka ɗaura da bututu a ciki, wata rana sukuru zai kauce ya huda roba ba ka sani ba. Bututun da ya huje kuwa na shara ne.

Ga shi. Bututu yana shiga da ɗan matsi, yana fita da hannu ɗaya. Haka nake so, don bayan biki ina zare su in kakkaɓe toka, in haska tocila ciki in duba toshin.

Yanzu ƙafafu, kuma ku saurara da kyau. Abin nan faɗinsa inci 4 ne kawai, tsayinsa ya haura ƙafa ɗaya, ko yaro ya hure shi zai iya kifewa. Shekarun baya, farkon fara wannan harka, na ajiye irinsa a kan ciyawa na tokare shi da bulo biyu, na ɗauka ya isa. Harbi na biyu ya girgiza shi ya kwanta, na ukun ya tafi a ƙasa-ƙasa ya fashe a jikin shinge. Allah Ya tsare, babu kowa a wajen, amma matata da yara suna zaune a ɗaya gefen, kuma da can ya faɗi da yanzu wani labari ake yi. Daren nan ban runtsa ba. Tun daga ranar ba na kunna mazaunin da ba shi da ƙafa.

Nan ne tu-bai-fo ke da amfani. Guda biyu, tsawon inci 24 kowanne, a gicciye a kowane ƙarshe, sukuru huɗu-huɗu cikin ginshiƙi da katakon ƙasa. Idan a kan ƙasa mai laushi za ka ajiye, ƙara da turke: rodi biyu ka buga a ƙasa ka ɗaure su da ginshiƙan. Wasu suna haɗa mazauni uku da falanki ɗaya su zama abu guda mai faɗi, wannan ma yana da kyau, na fi son sa ma idan wurin siminti ne.

Af, wanda ba shi da lokaci ko kayan aiki, ina da guda takwas da na gama haɗawa, mai baki shida da mai baki huɗu, da bututansu da ƙafafunsu. Wanda ke kusa ya turo saƙo mu daidaita, ba zan tsawwala wa ɗan uwa ba. Ba na aikawa ta gidan waya, nauyi ya yi yawa, sai dai a zo a ɗauka a sha shayi.

Ajiyewa a fili: ƙarshen mazauni, wato ɓangaren ginshiƙi, shi zai kalli 'yan kallo. Idan ya kife ta gefe yake kifewa, bakunan su kalli dama ko hagu, ba mutane ba. Nisa kuma, ƙa'idar NFPA 1123 da masu sana'ar ke bi ita ce ƙafa 70 ga kowane inci na faɗin cikin bututu. Namu 1.91, ya kama kusan ƙafa 134. Ni 150 nake aunawa, kusan mita 45. Idan bayan gidanka bai kai haka ba, ko akwai bishiya ko wayar lantarki a sama, nemi fili wajen aboki.

Ƙwallo ɗaya a bututu ɗaya, gindinsa ƙasa, ka riƙe lagwani ka sauke shi a hankali har ka ji ya taɓa toshi. Idan ya maƙale kada ka danna. Tabarau na kariya a ido, tiyo da bokitin ruwa a kusa, kuma kanka da hannunka kada su taɓa gittawa ta saman bututu, ko kana ganin babu komai ciki. Wanda ya ƙi tashi a bar shi minti 20, sannan a cika bututun da ruwa daga gefe.

Ɗana, ɗauko ɗayan ƙafar mu ɗaura. Riƙe nan da kyau, in huda. Yadda ake jona lagwani daga baki zuwa baki kuma sai darasi na gaba, in Allah Ya kai mu.