Tsofaffin Kawunan Jirgi na Kwazazzabon Verde

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai, barkanmu da wannan lokaci.

Yau can jihar Arizona ta Amurka za mu leƙa, inda wani gajeren layin dogo ya tashi daga garin Clarkdale ya bi bakin kogin Verde har zuwa Perkinsville. Mil 20 ne kacal, kimanin kilomita 32. A 1912 aka gama shimfiɗa shi, shekara ɗaya ke nan bayan jirgi ya iso Kano, kuma don jan ƙarfen da ake haƙowa a dutsen Jerome aka yi shi. Ma'adinin ya rufe a 1953. Daga 1990 aka fara ɗibar 'yan yawon buɗe ido, tafiyar awa huɗu zuwa da dawowa, suna kallon jajayen duwatsu da mikiya.

To, abin da ya kawo ni shi ne kawunan da ke jan taragun. Guda biyu ne, lamba 1510 da 1512, samfurin FP7. Kamfanin EMD na General Motors ne ya ƙera su a 1953 domin layin dogon Alaska. Ku lissafa da kanku, sun haura shekara 70.

Me ya sa suka daɗe haka suna aiki? Wani zai ce ai da can ƙarfe na da kyau. Ni ban gamsu da wannan amsa ita kaɗai ba. Ku saurari yadda abin ke aiki. Injin gas ɗin da ke ciki ba shi ke juya ƙafafun kai tsaye ba. Janareta yake juyawa, wutar ta sauka zuwa injinan lantarki huɗu da ke jikin ƙafafun, su kuma su ja. Saboda haka babu giya irin ta babbar mota da za ta cinye. Injin kuwa, wanda ake kira 567, silinda 16 gare shi, ƙarfin doki 1,500, kuma an tsara shi yadda kowace silinda da fistin ɗinta za a iya zaro su a sa wasu ba tare da an sauke injin gaba ɗaya ba. Duk bakaniken da ke zauren nan ya san darajar wannan. Ga shi kamfanin ya yi ta ƙera irin injin daga 1938 har 1966, dubbai, don haka kayan gyara ba su ɓace ba.

Sannan aikin ma ya yi sauƙi. Kan da ya saba faman dusar ƙanƙara a Alaska, yanzu a hankali yake tafiya, don fasinja ya biya ne ya yi kallo, ba ya sauri.

Na ga hannu can baya, ana tambayar bambancin FP7 da F7, wani samfurin kan jirgi na EMD. FP7 ya fi F7 tsawo da ƙafa huɗu. An ƙara wurin ne don tankin ruwan tukunyar tururi da ke ɗumama taragun fasinja lokacin sanyi.

Akwai masu cewa a sayo sababbi, sun fi tsimin mai, hayaƙinsu kaɗan ne. Gaskiyarsu ta nan ɓangaren. Amma da yawa cikin masu sayen tikiti wannan dunƙulallen hanci da rurin injin suka zo gani da ji, kamfanin da ke gudanar da layin kuma ya san haka.

Mu sha ruwa, sai a ci gaba da tambayoyi.