Darasi: Damina, Gurɓatar Ruwa da Hayayyafar Kifi

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau zai duba yadda kifin kogi yake sanin lokacin hayayyafa, da yadda dattin da ake zubawa a ruwa yake dagula masa wannan lissafi.

Mu fara da tarwada. Macen takan riƙe ƙwanta, sai damina ta kankama, kogi ya cika ya malala cikin fadamu, sannan ƙwaƙwalwarta ta umarci wani ɗan ƙulli da ke ƙarƙashinta ya saki sinadaran da ke nunar da ƙwan har ta zuba shi. Shi ya sa masu kiwon tarwada a tanki suke yi wa mace allura, domin a can babu ambaliyar da za ta motsa jikinta. Tun kafin wannan lokaci kuwa, sinadarin mace da ake kira estirojin ne yake sa hanta ta haɗa gwaiduwa, jini kuma ya kai ta cikin ƙwan.

To, namiji ba shi da abin yi da gwaiduwa, saboda haka idan aka tarar da ita da yawa a jininsa, alama ce cewa wani abu a ruwan yana kwaikwayon estirojin. A Ingila, binciken da aka wallafa a 1998 ya gano mazan kifi ɗauke da ƙwai a cikin marainansu, a kogunan da ake sako wa ruwan bahaya da aka tace. A Kanada kuma, daga 2001 zuwa 2003, masana sun riƙa zuba sinadarin maganin tazarar haihuwa, mai kwaikwayon estirojin, a wani tafki na gwaji a lardin Ontariyo, kashi 5 zuwa 6 kacal cikin tiriliyan, amma wani ƙaramin kifi ya kusa ƙarewa ƙurmus a tafkin.

Abin da ya fi damuna shi ne, irin wannan ɓarna ba ta taso da matattun kifi saman ruwa. Masunci zai ci gaba da kama manya, alhali ƙananan da za su maye gurbinsu sun ragu.

Don haka duk mai son auna lafiyar kifi a ruwa irin Kogin Challawa, wanda ke karɓar dattin masana'antun jima na Kano, dole ya ɗebi jini da rani, ya sake ɗiba da damina, ya kuma gwada da kifin ruwa mai tsabta, in ba haka ba zai ɗora wa gurɓata abin da sauyin yanayi ne ya kawo.