Ƙofar kotu da idon kyamara

(Laccar da aka gabatar wa ɗaliban Hausawa a Kassala)

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai, 'yan uwa ɗalibai, sannunku da zuwa.

Dokar shari'ar laifuka ta Sudan ta 1991 ta ce a yi shari'a a bainar jama'a, amma ta bar wa alƙali ikon fitar da mutane idan yanayin shari'ar ya buƙaci haka. To, wannan "amma" ɗin nake so mu tsaya a kai.

Ku tuna watan Agusta 2019, da aka gurfanar da tsohon shugaban ƙasa Umar al-Bashir a Khartum. Duniya ta gan shi cikin keji, da farar jallabiya da rawani. 'Yan jarida suna zaune a ciki aka ji maganar dala miliyan 25 da ya ce Yarima Muhammad bin Salman ya aiko masa. Da a ɓoye aka yi, wa zai yarda? A Disamba aka yanke masa shekara biyu.

Shari'ar Malam Ahmad al-Khair ta fi kusa da mu, malamin makarantar Khashm al-Girba da ya rasu a hannun jami'an tsaro. Ranar hukunci a Omdurman, jama'a sun cika titi suna jira, aka tambayi danginsa yafiya ko ƙisasi, suka zaɓi ƙisasi. Mutane sun ji da kunnensu, shi ya sa babu mai cewa an yi rufa-rufa.

Ku kwatanta da shari'ar kisan ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi, wadda aka yi a Riyad. Ba a bar 'yan jarida sun shiga ba, ba a ma bayyana sunayen waɗanda ake tuhuma ba. An yanke wa biyar hukuncin kisa, daga baya a 2020 aka mayar da shi ɗaurin shekara ashirin, kuma har gobe ana tababa.

Ni ban ce a sakar wa kyamara mara ba. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko shaidan da ake barazana ga ransa, haƙƙin alƙali ne ya kare fuskarsu, ya ce a kashe waya. Amma ya hana hoto daban, ya kori mai alƙalami daban. Idan zai rufe ƙofa, ya faɗi dalili a rubuce, domin lauya ya samu abin ɗaukaka ƙara a kai.

Malam, na ga hannunka, bismillah.