Kafin Ka Buga Gangar: Lacca Kan Horar da Malaman Kiɗa da Waƙa Domin Yaran Gudun Hijira

An rubuto wannan lacca daga faifan da aka naɗa a wani taron malamai a birnin Katsina. An rage doguwar gaisuwa da maimaici.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu malamai, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka. Na baya kuna ji na? To madalla.

Zan fara da kuskuren da na yi da hannuna, domin daga nan na ɗauko duk abin da zan faɗa muku yau.

A 2019, lokacin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan Batsari da Safana, jama'a sun kwararo gari, wasu suka sauka a azuzuwan makarantu. Na je ɗaya daga cikinsu da gangata, da niyyar in faranta wa yara rai. Yara kusan 30 zaune a kan tabarmi. Na rataya ganga, na sauke makaɗi da ƙarfi kamar yadda muka saba buɗe wasa. Bugu ɗaya tak. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 6 ba ta kwanta rub da ciki, ta toshe kunnuwanta. Yara biyu suka ruga ƙofa. Wata dattijuwa da ke zaune a bakin taga ta ce, "Malam, don Allah ajiye abin nan. Ƙara ce ta koro mu." Na ajiye. Shekaruna masu yawa a aji, amma ranar na fita jikina a sanyaye.

Yaran nan kashi biyu ne a wurin hukuma. Wanda ya ƙetare iyaka, kamar dubban mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato da suka shiga jihar Maraɗi tun 2019, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ce ke magana a kansa. Wanda ya bar Jibiya ko Faskari ya zo nan cikin gari, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ce tasa. Mu a bakinmu duk 'yan gudun hijira ne, kuma tsoron da ke cikin ƙirjinsu iri ɗaya ne. Ku tuna da ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disambar 2020. Sun dawo gida, alhamdu lillahi. To wane malami aka koya wa yadda zai tarbi yaro irin wannan ranar da ya koma aji?

Makaɗi, tun yana yaro ake koya masa ya cika fili. Ya ɗaga murya, ya jawo ido, ya zuga, ya sa wanda ke zaune ya miƙe. A wurin biki wannan shi ne gwaninta. A gaban yaron da ya kwana a daji, duk wannan sai an sauke shi. Saboda haka nake cewa makon farko na horon, a kulle kayan kiɗa a ɗaki. A koya wa malami zama a ƙasa, a kan tabarma ɗaya da yara. Kada ya tsaya a bakin ƙofa ya tare ta, ya bar ta a buɗe, wanda ya so fita ya fita. Kada ya zo wa yaro ta baya, kada ya dafa shi ba zato. Bulala kuwa, ko a hannu kada a gan ta. A fara da tafi a hankali, sai ƙwarya a kife a kan zane ana taɓa ta da yatsu, sai shantu ga 'yan mata. Ganga da kalangu sai can gaba, kuma yaro ne zai fara taɓa fatar da hannunsa, ya ji cewa shi ke fitar da ƙarar, shi ke tsayar da ita.

Akwai wata dukiya a waƙarmu da nake so mu daɗe a kanta, wato amshi. Yaron da ya daina magana, in ka ce tashi ka faɗi sunanka, ka ƙara tura shi cikin rami. Amma in ana bayarwa ana amsawa, muryarsa tana ɓuya cikin muryoyi 20. Yau leɓensa kawai ke motsi. Jibi ka ji ɗan sauti. Ba wanda ya kalle shi, ba wanda ya ce ya yi kuskure. Amshi kuma yana dawowa a daidai inda ake jiransa, kuma yaron da komai ya zo masa ba shiri yana samun natsuwa da abin da ya san zai zo. Shi ya sa nake so a buɗe kowane zama da waƙa ɗaya, a rufe da waƙa ɗaya, a lokaci ɗaya, ko da yara uku ne suka zo. Jan baiti mai tsawo ma yana sa numfashi ya lafa. Yarinyar nan da na ba ku labari, sai a mako na biyar ta matso kusa da ƙwarya. Ba ta ce komai ba, ta ɗora tafin hannunta a kai ana bugawa, tana jin motsin. Na ɗauke kaina kamar ban gani ba. Ɗauke kan nan ma abin koyarwa ne.

Wace waƙa za a yi? Kada malami ya zo da tasa daga birni. Ya je wurin iyaye mata ya tambaya: me kuke rerawa in kuna daka, in kuna niƙa, in kuna reno? Wace gaɗa 'yan matanku ke yi a dandali? Mutum ya baro rumbu da shanu da gona, amma waƙar garinsu ta biyo shi. Ran da uwa ta ji ana rera waƙar ƙauyensu a bakin 'yarta, da kanta za ta riƙa kawo ta. Sai dai a yi hattara, wata waƙar tana tuno wanda aka rasa. In fuska ta canza, a sauya.

Abin da na fi tsoro shi ne malami mai son jin labari. "Faɗa mini, me ka gani ranar? Mu mayar da shi waƙa." Wallahi wannan fama gyambo ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar agajin farko ga masu firgici da ta fitar a 2011, ta taƙaita aikin a kalmomi uku: duba, saurara, sada. In yaro ya kawo magana da kansa, ka saurara. In ka ga ba ya barci, ba ya cin abinci, ko yana cutar da kansa, ka sada iyayensa da ma'aikacin lafiya. Malamin waƙa ba likita ba ne, kuma dole horon ya nuna masa iyakarsa. Ɗaukar hoton yaro yana kuka a sa a Facebook don neman tallafi, wannan cin amana ne.

Na san akwai wanda ke cewa a ransa, ai kiɗa akwai magana a kansa a addini. Gaskiya ne, malamai sun yi saɓani, kuma ban zo yanke hukunci ba. Uban da ya ce ba ya son ganga, a girmama shi. Tafi ya isa, murya ta isa. Waƙoƙin Islamiyya da na bege suna da amshi, suna da kari. A fara gaida liman da mai unguwa da shugabannin mutanen kafin a shimfiɗa tabarma.

Wannan aiki ba mu muka fara shi ba. Akwai ƙungiyar Musicians Without Borders da aka kafa a ƙasar Holan a 1999, tana horar da makaɗa su yi aiki da mutanen da yaƙi ya taɓa. Sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita, ya ce wasa da shiga harkokin al'ada haƙƙin yaro ne. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya a nan Katsina, muna da ta Isa Kaita a Dutsinma. Roƙona ga shugabanninsu su buɗe ɗan gajeren kwas, ko na hutu ne, a haɗa malamin waƙa da malamin sanin halayyar yara su koyar tare. A sa wa masu koyon ranar zama duk mako su sauke abin da suka ji, domin wanda ke sauraron irin wannan kullum shi ma barcinsa yana lalacewa.

Kuma kada a ce sai mai takardar NCE. A cikin mutanen nan akwai zabiyoyi, akwai matan da su ke ba da waƙa a kowane biki a garinsu, yanzu suna zaune a kango suna wankau don su ci abinci. Yaran sun san su, 'yan mata sun fi sakewa da su. A sa su a sahun farko na horon, kuma a biya su kamar yadda za a biya ni. Shugaban taro, na ga takardarka. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren mata.