Koyar da Yaran Firamare Labarin Mutanen Nabaho

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai masu koyon malanta, barkanku da warhaka. Na can baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan yadda ake koya wa yaran firamare tarihi da harshe da al'adun mutanen Nabaho, waɗanda ake rubuta sunansu Navajo. Suna zaune a kudu maso yammacin Amurka, a ƙasar da ta ratsa jihohin Arizona da New Mexico da Utah, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 70,000. Suna da gwamnatinsu, da majalisa, da kotuna, hedikwatarsu kuma tana Window Rock. Waɗanda aka yi wa rajista a matsayin 'yan ƙabilar sun kusa 400,000. Da gangan na faro da wannan, domin kuskuren da malami ya fi yi shi ne ya riƙa cewa "a da can suna yin kaza", kamar mutanen da suka shuɗe. Yaron da kake koya wa yana da tsara a can, wanda yanzu haka yake shirin tafiya makaranta da jaka a baya.

Su ba Nabaho suke kiran kansu ba. Diné suke cewa, wato mutane, harshensu kuma Diné bizaad. Idan ɗayansu zai gabatar da kansa, sai ya ce "Yá'át'ééh", wato gaisuwarsu, sannan ya lissafa dangi huɗu: na mahaifiyarsa, wanda shi ne nasa domin ta wajen uwa suke jan asali, sai na mahaifinsa, sai na kakansa na wajen uwa, sai na kakansa na wajen uba. Mai sauraro yana ji yana auna inda suka haɗu, ta yiwu baƙon da bai taɓa gani ba ya tashi a matsayin kawunsa. Wannan zumunci suke kira k'é. Da ni ne, da shi zan buɗe darasin farko. Kowane yaro ya koma gida ya tambayo asalin kakanninsa huɗu, gobe ya tsaya gaban aji ya faɗa.

Kun ji yadda na furta k'é? Wannan harafi ai ƙ ɗinmu ne. Suna da irin ts ɗinmu, suna da karin sauti na sama da na ƙasa, suna da dogon wasali da gajere. Abin da ke karya harshen Bature, ɗan Bahaushe zai same shi a bakinsa. Sai dai su suna sa alamar karin sauti a rubutu, suna kuma ninka dogon wasali, mu kuwa mun bar mai karatu ya rarrabe garin zama da garin tuwo da kansa. Wannan tsarin rubutu aikin Robert Young ne da William Morgan, wanda shi ɗan ƙabilar ne, kuma da shi aka buga jaridar Ádahooníłígíí daga 1943 zuwa 1957.

Akwai abin da yara ke so ƙwarai a harshen. Ba su da "ba ni" guda ɗaya. Aikatau yana sauyawa bisa siffar abin da za a miƙo: na dutse daban, na igiya daban, na sanda daban, na bargo daban, na ruwa a kofi daban, na ɗan rago mai rai daban. Ka zube irin waɗannan kaya a tebur, ka ce yara su kasa su bisa siffa. Za su yi ta gardama a kan inda tuwo zai faɗa, kuma shi ma yana da nasa rukuni, na abu mai laushi da danƙo.

Yanzu ga wuri mai nauyi. A 1863 sojojin Amurka ƙarƙashin Kit Carson suka shiga ƙona gonaki da kashe tumaki, har itatuwan 'ya'yan marmari na kwarin Canyon de Chelly aka sare a shekarar da ta biyo baya. Yunwa ta sa mutane suka miƙa wuya. A 1864 aka kora fiye da mutum 8,000 a ƙafa, tafiyar sama da kilomita 400, zuwa Bosque Redondo da ke New Mexico, wurin da su suke kira Hwéeldi. Ruwan wurin mai zartsi ne, tsutsa ta cinye shuka, itacen girki ya yi wuya, fiye da mutum 2,000 suka mutu. Ranar 1 ga Yuni, 1868, aka sa hannu a yarjejeniya, bayan shugabansu Barboncito ya shaida wa Janar Sherman na sojojin Amurka cewa kada a kai su wata ƙasa in ba tasu ba. Suka koma gida.

Wasu malamai kan tsallake wannan wai yara sun yi ƙanƙanta. Ban yarda ba. Ɗan aji huɗu ya san zalunci idan ya ji shi. Abin da ba na so shi ne a jera yara a fili a ce su kwaikwayi tafiyar, wasu na kuka wasu na dariya. Taswira ta isa: a auna nisan, a lissafa kwana nawa tsohuwa mai goyon jika za ta yi. Kuma kada a rufe darasi a Hwéeldi, a kai yara har ranar komawa.

Daga nan sai makarantun kwana na gwamnatin Amurka, inda ake aske wa yaro gashi, a sauya masa suna, a wanke masa baki da sabulu idan ya yi yarensu. Wanda aka taɓa ci wa tarar banakula a cikinmu ya ɗanɗana kaɗan, amma kaɗan ɗin ne kawai. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu. A 1942 sojojin Amurka suka ɗauki samarin Diné 29 su tsara saƙon asiri da wannan harshe da ake dukansu a kansa. Tankar yaƙi suka kira ta kunkuru, jirgin ƙarƙashin teku kuma kifin ƙarfe. Japan ba ta iya warware shi ba, kuma ba a bayyana aikin ga duniya ba sai 1968. Yara kan so su ƙirƙiri nasu da Hausa, ku bar su.

Su da kansu suka karɓi ragamar ilmin 'ya'yansu a makarantar Rough Rock a 1966, suka kafa kwalejinsu a 1968, wadda yanzu ake kira Diné College. A Fort Defiance akwai makarantar da ƙananan azuzuwa ke karatu da harshen zalla, domin yaran da ke tashi da shi a gida sun ragu sosai.

Na ga ana ɗaga mini agogo. Bari in faɗi abin da za ku kiyaye. Kada ku sa yara yin hular gashin tsuntsu ko tanti mai tsini, wannan na wasu ƙabilu ne. Ɗakin Diné shi ne hogan, ƙofarsa tana kallon gabas. Zanen yashi na bikin warkarwa abu ne na ibadarsu, kada a mai da shi aikin hannu a aji. Tatsuniyoyin Ma'ii, wani ɗan'uwan dila mai wayo irin na Gizo, a lokacin hunturu kawai suke yin su. Mu da aka hana mu tatsuniya da rana ba za mu yi mamaki ba. Don haka wanda zai sa su a jadawali, ya ajiye su sai Disamba ko Janairu.

Malama mai jan mayafi, tun ɗazu hannunki yana sama. Bismillah.